Tsuwwar da Baba Rediyo Bai Ji Ba

Duk layin masu gyara ba wanda yake kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Rediyo ake ce masa, ko da yake an daɗe rabon da wani ya kawo masa rediyo. Rabin sunan ya same shi tun yana saurayi, gashinsa baƙi wuluk, zamanin da rediyo take da girman akwatin tufafi, sai kwalaben wuta da ke cikinta sun ɗumama kafin murya ta fito. Ɗaya rabin ya zo daga baya, tare da furfura.

Shagonsa ɗan ƙuƙut ne. Tebur ɗaya mai tabon ƙuna, kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya, gwangwanayen madara cike da noti da kusoshi. Katako ne kawai tsakaninsa da shagon tela, siririn katako, wanda ko tari ɗayansu ya yi sai ɗayan ya ce sannu. Warin dalma da ƙura ya kama bangon, ya kama rigunansa, har matarsa takan ce da hanci take sanin ya dawo.

Sana'ar ta yi ta sauya riga a hannunsa. Rediyo ta ja da baya, kaset ya zo. Kaset ya wuce, talabijin ta zo da ƙatuwar ƙeyarta. Sannan kwamfuta. A nan abokan aikinsa da yawa suka ajiye kaya, suka ce wannan ba tasu ba ce, wasu suka koma sayar da caja da ƙwan fitila. Shi kuwa ya zauna ya koya, da furfurarsa da komai, har ya gano abin da ya faranta masa rai: ashe ita ma tana magana.

Idan aka kunna kwamfutar tebur, kafin fuskarta ta haska, takan yi 'yar tsuwwa. In gajera ce guda ɗaya, gaisuwa ce, lafiya lau ke nan. In ta ja doguwa ta bi ta da gajeru, sau da yawa ɓangaren hoto ne ya sami matsala. In ta yi ta ja ba hutawa, a duba sandunan ƙwaƙwalwarta, ko sun motsa daga mazauninsu, ko ƙura ta shiga tsakani. Kowane iri da nasa harshen, shi kuwa ya riƙe su duka, kamar yadda uwa take rarrabe kukan yunwa da na ciwo.

Ba ya taɓa sukundireba sai ya saurara. Yakan ɗaga hannu mai kaya ya yi shiru, ya ƙwanƙwasa katako tela ya tsayar da keke, sannan ya rufe ido, ya karkata kai gefe, ya danna maɓalli. Kafin a buɗe akwatin ya riga ya faɗi inda ciwon yake. Mutane sukan tsallake shaguna masu gilashi da sanyi su zo wannan ɗan lungu don su ga haka da idonsu. Kunnen nan ne ya ciyar da gidansa, shi ya yi wa 'ya'yansa makaranta har suka girma suka watse garuruwa.

Ba rana ɗaya jin nasa ya tafi ba. Tsuntsaye ne suka fara yin shiru. Ya lura safiya ta daina hayaniya, sai ya ɗora laifin a kan waɗanda suka sare bishiyar bayan gida. Daga nan makullai suka daina kaɗawa a aljihunsa. Muryar jikarsa a waya ta koma kamar zare a iska, yana ganin kamar zai kama, sai ta kuɓuce. Muryoyin maza masu kauri suna nan, ƙarar mota tana nan, rugugin hadari yana nan. Siraran sautuka ne suke tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Wata safiya yana zaune a madafa yana ɗaure igiyar takalmi, matarsa ta shigo a guje daga wurin shanya ta sauke butar shayi.

“Baban yara, tun ɗazu butar nan take ihu, kana zaune a gindinta!”

“Ihu kuma? Yanzu fa ta fara tafasa.”

“Yanzu? Duba ruwan, saura kaɗan ta ƙone.”

“To ke ma ai kwanan nan ƙasa-ƙasa kike magana, kamar mai gulma.”

“Ni? Ni da maƙwabta suke roƙo in rage murya?”

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta ajiye tsumman da ke hannunta, ta zauna a gabansa, ta dube shi yadda ba ta dube shi ba tun suna da ƙuruciya.

“Mu je asibiti.”

“Datti ne kawai. Zan sa magani.”

“Ka sa. Sau nawa ka sa?”

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaurin takalmin da ya riga ya ɗauru. Can ya ce, “Kada ki gaya wa kowa. Ko yara. In layin nan ya ji kunnena ya yi nauyi, na gama. Ba wanda zai sake ɗauko kwamfuta ya kawo mini.”

Ta ɗauko kofi. Ta zuba masa shayin.

A shago sai ya nemi dabara. Cikin tarkacen da ya ƙi zubarwa akwai wata 'yar lasifika ta tsohuwar rediyo, mai fuskar takarda, faɗinta bai wuce murfin gwangwani ba. Ya sa mata waya biyu da ɗan soket. In aka kawo kwamfuta, sai ya buɗe gefenta, ya jona lasifikar a inda tsuwwar take fitowa, ya ɗora yatsa a kan takardar. Abin da kunne ya ƙi kawowa, sai fata ta kawo: 'yar rawa a ƙarƙashin yatsa, doguwa ko gajera, kamar bugun zuciyar ɗan tsuntsu. Yana yi yana rufe ido yana karkata kai kamar da. Masu kaya suka ɗauka wani sabon salo ne na gwaninta.

Tela ne ya fara ganewa. Wani hantsi wata kwamfuta tana kan tebur tana ta kuka, Baba Rediyo ya juya mata baya yana tonon gwangwani. Tela ya jure, ya jure, sannan ya leƙo, tef a wuya, allura a leɓe.

“Injiniya, kashe ni kake so ka yi? Saboda abar nan na ɗinka aljihu a bayan riga.”

“Wace aba?”

Tela ya zare allurar daga bakinsa. Ya dubi kwamfutar, ya dubi abokinsa. Sannan ya shigo ya jawo ƙofar.

“Tun yaushe?”

“Tun yaushe me?”

“Kada ka yi mini haka, tsoho. Tare muka tsufa a wurin nan.”

Baba Rediyo ya miƙa hannu ya kashe kwamfutar. Ya zauna a kujerarsa, hannayensa a kan gwiwa. “An ɗan jima,” in ji shi.

“To sai me? Ni da kake gani, rabin safiya nake yi ina zawarcin kafar allura, tana ƙi na. Kai ba kunne, ni ba ido. In aka haɗa mu aka ɗinke, za a sami mutum ɗaya mai lafiya.”

“Mummuna dai.”

“Daga ɓangarenka.”

Ranar suka ƙulla yarjejeniya. In Baba Rediyo ya ƙwanƙwasa katako, tela zai tsayar da keke kamar kullum, amma yanzu zai kasa kunne. Abin da ya ji, sai ya maimaita shi da ƙulli a jikin katakon, dogo ko gajere. Bugun katako yana da kauri, yana shiga. Da yatsa a gefe guda, tela a ɗaya gefen, aiki ya ci gaba, layin bai san komai ba. Sai dai kullum in ya rufe shago, yakan ji gajiyar da ba ta aiki ba ce. Gajiyar mutumin da ya yini yana riƙe da ƙofa don kada iska ta buɗe ta.

Ana nan sai 'yar mai hoto ta kawo tata.

Mahaifinta abokinsa ne, shi ya ɗauki hoton aurensa. Tana ƙarama takan zo shagon a kafaɗar uban, ta yi ta wasa da murɗin tsofaffin rediyo. Da uban ya rasu, ita ta riƙe ɗakin hoton, ta kuwa riƙe shi da kyau. A wannan kwamfutar take gyara hotuna, a nan take fitar da su, a nan kuma hotunan mutane suke kwance suna jiran masu su.

“Baba, kuka take yi,” ta ce. Ya kafa wa leɓenta ido don ya cike abin da bai iso ba. “Ba kullum ba. Sai ina tsakiyar aiki in ji tii, tii, kamar ɗan tsako ya faɗa rami. Tsoro nake ji kada ta mutu da hotunan mutane a cikinta.”

“Ba za ta mutu ba, ɗiyata. Bar mini ita.”

Ya yi mata duk abin da ake yi. Ya kaɗe ƙura da buroshi. Ya zare sandunan ƙwaƙwalwa ya goge haƙoransu ya mayar. Ya duba fanka, tana juyawa lafiya. Ya auna wuta da mita. Ya kunna, yatsa ya ji rawa ɗaya gajera, katako ma ya amsa da bugu ɗaya. Ya bar ta a kunne har yamma, tela yana ɗinki yana kasa kunne, bai ji ko ƙis ba. Ta zo ta ɗauka da godiya.

Ba a jima ba ta dawo da ita. Kukan yana nan, har ya ƙaru.

Wannan karon ya zargi kibod. Wani lokaci maɓalli yakan maƙale, kwamfuta ta yi ta ƙorafi. Ya ba ta wani nasa. Ya sake barin akwatin a kunne yini guda.

“Tsit,” in ji tela. “Ta fi ka natsuwa.”

“Yaran yanzu,” Baba Rediyo ya ce, “kullum waya a toshe a kunne. Dole su riƙa jin abin da babu.”

Tela ya ɗaga gira, ya koma kan ɗinkinsa.

Karo na uku ba ta ɗauko ta ba. Ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta duk gajiya. “Baba, don Allah ka zo ka ji da kunnenka. A wurinka ba ta yi, a wurina take yi. In na ɗauke ta na kashe soket, shago ya yi shiru. In na mayar da ita, ta fara. Ko dai ni ce na fara zarewa?”

Da ta tafi, tela ya ɗauko hularsa. “Mu je tare.”

“In ce me? Na zo da tela ya auna mata kugu?”

“Ka ce hoto zan ɗauka. Ban da kyau ne?”

“Zauna ka nemi kafar allurarka. Ga lasifikata a jaka.”

“Injiniya.”

“Na ce ka zauna.”

Ya tafi shi kaɗai, da rana tsaka, jakar kayan aiki a kafaɗa.

Ɗakin hoton yana nan kamar yadda ya san shi. Labulen bango mai zanen lambu da furannin da ba sa bushewa, kujera mai gwal na ƙarya, madubi da mataji a ɗaure da zare. A kan benci mutane suna jiran hoton fasfo: wata mata da jariri a cinya, wani magidanci cikin kwat yana fifita da ambulan, wasu 'yan mata suna gyara ɗankwali. Akwatin kwamfutar yana ƙarƙashin tebur, cikin duhu, kwalayen takardar hoto sun kewaye shi.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙorafi. Ya jawo akwatin kaɗan, ya buɗe gefensa, ya jona lasifikarsa. 'Yar mai hoto ta kunna, ta buɗe aikinta kamar yadda ta saba, injin fitar da hoto ya fara ja. Sai ya ɗaga hannu. Wasu a cikin masu jiran sun san shi, suka yi wa juna alama, ɗakin ya natsu. Ya ɗora yatsa a kan takardar, ya karkata kai, ya rufe ido.

Da bai rufe ba, da ya ga lokacin da jaririn ya juya kai wajen teburin. Da ya ga 'yan matan sun dubi juna, da ya ga 'yar mai hoto ta ɗaga yatsa tana nuni, bakinta a buɗe, tana jira ya ce ya ji. Amma haka ya saba saurare tun yana saurayi, cikin duhun idonsa. Ya jira. Ya ƙara jira. Takardar da ke ƙarƙashin yatsansa ba ta motsa ba.

Ya buɗe ido, ya yi murmushi irin na babba.

“Kin ji ko? Shiru kake ji. Ɗiyata, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Gajiya ce ta yi miki yawa. In mutum ba ya samun hutu, kunne yakan yi masa ƙara, ya yi ta jin abin da babu.”

Ya juya wajen benci. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga wani abu da bai gane ba. Matar nan ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hular da ba ta karkace ba.

Mai kwat ne ya yi magana, muryarsa kuwa mai kauri ce, kowace kalma ta shiga daram.

“Baba, wasa kake yi? Ga shi nan tana yi. Yanzu haka da kake magana tana yi.”

Ya juya wurin 'yar mai hoto. Leɓenta ya motsa a hankali. Bai ji ba, amma ya karanta: tun kafin ka buɗe ido.

Ɗakin ya yi masa faɗi. Furannin labule suka yi nisa. Yana durƙushe a tsakiyar ƙarar da ta cika wa kowa kunne, shi kuwa kamar wanda ke ƙarƙashin ruwa yana kallon mutane a bakin gaɓa. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya mayar da su ƙarƙashin teburin, ya miƙa hannu zai zare lasifikarsa ya tafi.

A nan ya ga hasken. Can ƙurya, a jikin bango mai ƙura, wani ɗan ja yana bayyana yana ɓacewa. Ya ture kwalin takarda. Bayansa ga akwatin batir, baƙi, mai nauyi, wanda yake riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Shi da kansa ya haɗa mata shi, shi ya tura shi can ciki don kada a yi tuntuɓe da shi. 'Yar fitilarsa tana ƙyaftawa.

Ba kwamfutar ce take kuka ba, maƙwabcinta ne. Suna manne da juna cikin duhu, siririyar ƙara kuwa wuyar nuna inda take fitowa gare ta, shi ya sa yarinyar ta ɗora wa kwamfutar. In ta ɗauke ta, takan kashe soket duka, akwatin ya yi shiru tare da komai. A da, tun daga bakin ƙofa zai ce wannan ba muryar kwamfuta ba ce, domin ya san su duka biyun kamar muryar 'ya'yansa. Amma yatsa ba ya jin ɗaki. Inda aka ɗora shi kawai yake ji, shi kuwa ya ɗora shi inda ya riga ya yanke cewa nan maganar take.

“Ba ita ba ce,” ya ce, bai ɗago ba. “Batirin akwatin nan ne ya gaji. In aiki ya yi nauyi ba ya iya ɗauka, shi ne yake faɗa. A sauya masa batir.”

Ya kashe kwamfutar yadda ya kamata, ya mayar da wayarta bango kai tsaye, sannan ya danna maɓallin baƙin akwatin. Jar fitilar ta mutu. Bai ji komai ya sauya ba. Sai dai ya ga kafaɗun mutanen benci sun sauka gaba ɗaya, mai kwat ya saki numfashi. Da haka ya san ƙarar ta tsaya.

“Ai kuwa Baba ya gano,” wata cikin 'yan matan ta ce da ƙarfi, irin ƙarfin da ake yi don a rufe wani abu.

'Yar mai hoto ta raka shi har titi, ta karɓi jakarsa ta riƙe masa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daidai gabansa, ta buɗe baki sosai, tana rarrabe kalmomi ɗaya-ɗaya.

“Baba, na gode. Ba zan gaya wa kowa ba.”

Ya san ba za ta faɗa ba. Ya kuma san bencin a cike yake. Amma ba wannan ne ya bi shi a hanya ba. Yadda ta yi maganar ne, a hankali, da tausayi, yarinyar da ya taɓa ɗagawa sama don ta taɓa eriya. Sannan wani tunani ya zo ya zauna masa a ƙirji. Wannan karon batir ne. Da zafi ne yake cin kwamfutar tana neman agaji, da haka zai mayar mata da ita sau biyu, ya ce mata lafiya ƙalau, ya ce kunnenta ne. Da hotunan auren mutane da na iyayensu da suka rasu sun tafi, shi kuwa yana tsaye yana murmushi.

Bai koma shago ba. Matarsa tana tsintar shinkafa a faranti ya shigo. Ta dubi rana, ta dube shi.

“Lafiya?”

Ya ajiye jakar a bayan ƙofa. “Wace rana suke ganin masu ciwon kunne?”

Ta ci gaba da tsintar. “Zan tambaya,” ta ce.

A asibiti suka sa masa wani abu a kai, suka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya zauna a ɗan ɗaki mai laushin bango, hannunsa a cinya, yana kallon likita ta gilashi tana danna abubuwa tana jiransa. Ya san abin da take yi. Shi ma haka ya yi wa dubban na'urori. Ta ce siraran sautuka ne suke fara tafiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, amma akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. 'Ya'yansa suka haɗu suka saya masa. Ta dawo masa da muryar jikarsa, wannan kam ya gode. Ta dawo da cokali a faranti, da kukan ƙofa, da hayaniyar titi, duka a dunƙule, kamar an zuba su a gwangwani ɗaya ana girgizawa. Ya gwada ta a shago, ido a rufe. Yana jin tsuwwa, amma ba ya iya rantsuwa ko daga gabansa take ko daga bayansa, ko daga kekunan ɗinkin maƙwabta.

Layin ya ji, kamar yadda layi yake jin komai. Ba wanda ya yi masa dariya. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, ana ɗaga murya ana ɗaga masa hannu. Wasu tsofaffin abokan ciniki suka ci gaba da kawo kwamfutocinsu, don kunya da sabo, suna ajiyewa suna kallonsa a ɓoye. Ya karɓi ɗaya, ya yini a kanta, ya gyara. Da mai ita ya zo ɗauka ya tambaye shi ko ta warke sarai, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. A da yakan ce je ka, ta warke. Yanzu abin da ya fito shi ne, “In ka ji wani abu, ka dawo.”

Washegari ya zo da ɗan gwangwanin fenti da buroshi. Ya leƙa wurin tela.

“Ara mini kujerarka. Tawa ba za ta ɗauke ni ba.”

“Me za ka yi?”

Ya nuna saman ƙofa. Akwai allon da aka rubuta abin da shagon yake gyarawa: fanka, dutsen guga, fitilar caji, talabijin, sai a ƙarshe, da manyan baƙaƙe masu sabon launi, kwamfuta.

Tela ya fito ya tsaya yana kallon allon. “Haba, Injiniya. Ai muna iyawa. Ni da kai.”

“Muna iyawa a nan. Ba kowane ciwo ne yake biyo akwati zuwa nan ba.”

“To in riƙa bin ka. Na ce maka ina son hoto.”

“Riƙe kujerar, sarkin surutu.”

Tela ya riƙe da hannu biyu. Baba Rediyo ya hau a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, ya dafa bango har jirin ya wuce. Ya tsoma buroshi ya fara shafe kalmar kwamfuta daga baƙin farko. Fentin fari ne, mai ruwa-ruwa, yana gangarowa ta gefen hannunsa zuwa gwiwar hannu. Wani mai babur ya rage gudu ya kalla, ya wuce. Mai sayar da caja na tsallaken titi ya fito bakin ƙofarsa, ya tsaya, sannan ya koma ciki.

Da ya gama ya sauko, suka ja da baya su biyu suka ɗaga kai. Fentin bai rufe ba. Ta ƙarƙashin farin ana iya karanta kalmar, dishi-dishi.

Tela ya ƙanƙance ido. “Ni dai ban ga komai ba. Ya goge.”

“Kai ai ba ka gani. Tana nan.”

“To sai an yi shafi na biyu ke nan.”

“Sai ya bushe,” in ji Baba Rediyo. Ya rufe gwangwanin, ya danna murfin da tafin hannu, ya shiga ciki ya jawo wata fanka da aka kawo tun makon jiya, ya fara kwance mata keji.